Yadda Ake Gina Juriyar Zuciya Ga Yaro Mai Otizim

Assalamu alaikum iyaye, malamai, da duk mai ɗawainiya da yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, don haka a birni mai cikar Kano da wuya a rasa irin waɗannan yara a unguwa, ko an gane su ko ba a gane ba.

Maganar yau kan juriya ce, wato yadda yaro zai dawo hayyacinsa bayan hankalinsa ya tashi. Tsawa da bulala ba sa kawo ta. Jefa yaro cikin abin da yake tsoro wai don ya saba, shi ma ƙara ɓata lamarin yake yi. Ana gina ta ne kaɗan-kaɗan, a lokacin da yaron yake cikin natsuwa.

Mu fara raba rigima da birkicewa, domin nan aka fi cutar yaran nan. Mai rigima akwai abin da yake so. Yana kuka yana satar kallonki, kina miƙa masa alewar ya yi shiru. Wanda ya birkice ba abin da yake nema. Ƙara da haske da gajiya sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa, ko an miƙa alewar ba zai gan ta ba. Zai toshe kunne, ya zube ƙasa, ya buga kai, ko ya ruga waje. Wani kuma ɗif zai yi, ba magana ba motsi, sai a ce taurin kai ne, alhali shi ma birkicewar ce ta koma ciki.

Ku ɗauki lamarin kamar bokiti a ƙarƙashin famfo mai ɗiga. Da safe ɗinkin wuyan rigar makaranta yana sukarsa. A hanya ga hon ɗin adaidaita sahu. Aji cike maƙil, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ga shi malamar da ya saba da ita ba ta zo ba. Da magariba aka ɗauke wuta, janaretan maƙwabta ya tashi. Sai aka ba shi ruwa a kofin da ba nasa ba, ya fashe da ihu. Kowa a gidan zai ce a kan kofi ne. Kofin ɗigo na ƙarshe ne kawai.

Saboda haka aikin farko na littafi ne da biro. Tsawon sati 2, duk lokacin da ya birkice ku rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya kwantar da shi. Ku ƙara awa nawa ya yi barci, da ranar da ya yi bayan gida. Kar ku raina wannan na ƙarshe. Taurin bayan gida ya yi yawa a yaran nan, kuma yaron da ba ya magana ba shi da hanyar cewa cikinsa ko haƙorinsa ko kunnensa na ciwo sai ta ihu. Kafin sati biyun su cika, za ku fara ganin lokuta da wuraren da abin ke maimaituwa.

Idan birkicewar ta riga ta zo, mutum ɗaya ya isa. A sallami 'yan kallo daga tsakar gida, a kashe rediyo, a kawar da tukunya da kurfoti, a rufe rijiya. In yana buga kai, a sa matashi tsakaninsa da siminti. Magana kar ta wuce kalma uku: "Ina nan, Abba." Tambaya da lallashi mai tsawo ƙarin ƙara ne a kunnensa. Kar a danne shi, musamman a kife ko a kan ƙirji, domin hakan na iya tare numfashi. Addu'a a hankali alheri ce, amma turara masa hayaƙi mai yaji, ko ɗaure shi, ko kulle shi a ɗaki, cutarwa ce tsantsa. In ya lafa, a ba shi ruwa, a bar shi ya huta ko da rabin awa ne. Ba lokacin faɗa ba ne.

To, yanzu yadda ake gina juriyar.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa yaran nan hankali shi ne rashin sanin me zai biyo baya. Ku sami kwali, ku ɗauki hoton ainihin kayansa da waya: burushinsa, kwanonsa, ƙofar makarantarsu, allonsa na Islamiyya. A wanke hotunan, a jera 5 ko 6 daga sama zuwa ƙasa. A Kano muna da gata, domin kiran salla ya riga ya yanka mana yini gida biyar, kuma yaro na jin sa ko bai iya agogo ba. Ku jingina jadawalin a kai: bayan Azahar abinci, bayan La'asar wasa, bayan Isha kwanciya. In an gama abu, shi da kansa zai cire hoton ya jefa a gwangwani. Kafin a tashe shi daga abin da yake so, a sanar da shi sau uku: saura minti 5, saura 2, saura 1.

Inda ake kuskure shi ne a bar jadawalin ya daskare har wata da watanni. Ranar da baƙi suka zo daga ƙauye, komai ya rushe. Maganinsa katin canji, kati mai alamar tambaya. Sau ɗaya a sati ku sa shi a jadawalin da gangan, kuma a farko canjin ya zama mai daɗi: yau maimakon wanka da wuri, za mu sayo awara. In ya saba, sai a kawo canjin da ba daɗi ba wuya. Da haka yake koyon cewa tsari kan canza kuma ba abin da ya same shi.

Sai sanin abin da ke ransa. Da yawansu ba sa gane saƙon jikinsu da wuri, ba sa jin ɓacin rai na tasowa sai ya kai maƙura. Kala uku sun isa: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa na fara takura, ja na cika. Ku fara da jiki: zuciya na bugawa, hannu na gumi, kunne na zafi. Ku riƙa yi a gabansa: "Umma tana ruwan ɗorawa, bari in zauna in sha ruwa." Ku koya masa numfashi da kumfar sabulu, domin ba ta tashi sai an hura a hankali. Minti 5 kullum, yana kore. Abin da bai koya a natse ba, ba zai tuna da shi a birkice ba.

Ku ba shi katin hutu, da wani lungu mai tabarma da matashi, nesa da ƙofa. A watannin farko, duk sanda ya miƙa katin a ba shi hutun nan take, ko da ana tsakiyar karatu. In aka hana sau biyu, ya gane ihu ya fi katin aiki. Lungun nan kuma kar ya taɓa zama wurin horo. Kaɗa hannu da jijjiga jiki da yake yi, hanyarsa ce ta kwantar da kansa. In ba rauni yake ji ba, a ƙyale shi.

Abin da yake tsoro kuma, a yanka shi ƙanana. Ɗauki aski. Ranar farko ku wuce ta gaban shagon kawai. Ta biyu ya zauna minti 2, kilifa a kashe. Ta uku a kunna ta daga nesa. Ta huɗu ya taɓa ta da hannu ya ji rawarta. Sannan a aske gefe ɗaya a tashi, ko da kan ya zama bambaraƙwai. Hula ta rufe. Ku zaɓi safiyar da shago ba layi. In mataki ya ƙare da kuka, a koma na bayansa. Haka za a bi da kasuwa da gidan biki. Hawan Daushe kuwa, da bindigoginsa da cinkosonsa, a fara kallonsa a waya tukuna.

Matasa nasu ya fi ɓoyuwa, musamman 'yan mata. Yarinya za ta yini tana kwaikwayon ƙawaye, tana danne komai, malamai na yabon natsuwarta, tana shigowa gida ta fashe. Ku ba ta awa ɗaya ba aike ba tambaya bayan makaranta. Ku yi mata bayanin al'ada da hotuna tun kafin ta fara. Bincike ya nuna kusan 4 cikin 10 na yara da matasa masu otizim na fama da matsananciyar fargaba, kuma tsangwamar 'yan aji na rura ta. Abin da matashi ya ƙwallafa rai a kai, gyaran waya ne ko kiwon tattabaru ko hadda, kar a riƙa ƙwace shi don horo. Ta nan yake samun hutu, sau da yawa ta nan yake samun aboki da sana'a. In makaranta ta ƙi shi saboda lalurarsa, ku sani akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Akwai alamun da ba a jira da su: farfaɗiya ko ƙafewar ido na ɗan lokaci, mance abin da ya riga ya iya, ji wa kansa rauni, ƙin abinci, kwana da kwanaki ba barci, ko matashi ya fara zancen mutuwa. Ku nufi sashen yara ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Ku tafi da littafin nan, da bidiyon minti ɗaya na abin da yake yi in an samu ɗauka, domin likita ba lallai ya gani da idonsa ba. Kar a sayo masa maganin barci a kemis sai likita ya rubuta.