Yadda ɗaliban Indiya ke buɗe baki da Koriyanci

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Me ya kai matashin Indiya koyon Koriyanci? Neman abinci ne kan gaba. Kamfanonin Koriya sun shigo Indiya: a 1998 Hyundai ya fara ƙera motoci kusa da Chennai, a 2018 Samsung ya buɗe katafariyar masana'antar wayoyi a Noida, kuma duk suna buƙatar tafinta. Ga fina-finai da waƙoƙin Koriya da suka shiga ran matasa. Sai tsarin ilimin ƙasar na 2020 ya sanya harshen cikin waɗanda za a iya koya a sakandare.

Rubutun bai da wuya. Haruffan Koriyanci, wato Hangul, da Sarki Sejong na Koriya ya ƙirƙiro a 1443, guda 24 ne ake amfani da su yau, mai himma zai haddace su cikin mako. Inda gizo ke saƙar shi ne magana.

Ni a ganina babbar dabarar ɗalibin Indiya ita ce ya taso daga harshen uwarsa, ya ƙyale Turanci. Ku duba: da Hindi ana cewa "main pani pita hun", wato ni, ruwa, sha. Bakoriye zai ce "jonun murul mashoyo", ni, ruwa, sha. Aikatau a ƙarshe. Tamil, harshen kudancin Indiya, ma haka take. Turanci kuwa a tsakiya yake sa shi, kamar Hausa. To wanda ya tsaya juya zancen zuwa Turanci kafin ya kai shi Koriyanci ya yi doguwar hanya a banza, kafin ya gama, abokin hirar ya gaji da jira. Abin yana damuna, domin yawancin littattafan da ke hannunsu da Turanci aka yi bayaninsu.

Haka batun girmamawa. Mai Hindi ya taso da "tu", "tum" da "aap", ya san ba a yi wa babba magana kamar tsara, yadda mu ma muke ce wa dattijo "ku". A Koriyanci girman yana wutsiyar aikatau ne. Masu wayo sai su riƙe "yo" a ƙarshen kowace jimla, ba za su sake ta ba sai wancan ya ce a sassauta. Wanda ya koyi magana daga fim kawai, ya kwaso "banmal", maganar abokai, ya je ya yi wa manajansa, ranar zai ga fuska ta canza. Kuma suna dacewa da sunayen dangi: yarinyar da ta saba kiran yayyenta mace da namiji "didi" da "bhaiya" ba za ta sha wuyar "onni" da "oppa" ba.

Lafazi fa? "Bul" wuta ce, "pul" ciyawa, "ppul" ƙaho. Ku tuna yadda baƙo ke fama da "kafa" da "ƙafa". Kunnen mai Hindi ya riga ya raba "pa" da "pha", saboda haka wasu kan rubuta harafin Devanagari, wato rubutun Hindi, a ƙarƙashin na Hangul, su sa tafin hannu gaban baki su ji iskar.

Idan kalma ta ɓace a tsakiyar zance, sai a kewaya: ka manta sunan asibiti, ka ce wurin da likita yake. Ko ka lanƙwasa kalmar Turanci, "kopi" kofi, "bosu" motar bas, sau da yawa ta shiga. Ko ka ja "ku..." kana tunani, ko ka ce "chonchonhi malhe juseyo", a yi magana a hankali. Duk waɗannan ina yaba su, domin zancen bai yanke ba.

Wadda ba na so ita ce gudu. Koriyanci yana da ƙidaya iri biyu, "hana, dul, set" da "il, i, sam". Ƙarfe uku da minti ashirin "se shi iship bun" ne, awa da ta farko, minti da ta biyu. Ɗalibi sai ya ɗaga waya ya nuna agogo, ya tsira a ranar, shekara ta zagayo bai iya ba. Malamai, idan kun ga haka a aji, ku karɓi wayar ku ajiye kan tebur, ku sake tambayarsa ƙarfe nawa.