Birkin da ya kwance a ƙirjin mai asma

Mutum biyu sun kakkaɓe katifa ɗaya. Ɗaya ya yi atishawa sau biyu, ya ci gaba da harkarsa. Ɗayan kuwa kafin la'asar ƙirjinsa ya fara fito, yana jan numfashi kamar an ɗora masa buhun gero. Ƙura ɗaya suka shaƙa. To me ya raba su?

A cikin katifar akwai wasu ƙwari da ido ba ya gani, kuma kashinsu ne ke bin iska ya shiga hanyoyin numfashi. Ba guba ba ne. Abin da ke faruwa bayan shigarsa ya dogara ne da saƙonnin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna. Sunan waɗannan saƙonni saitokin, kuma da yawansu harufan IL da lamba aka ba su maimakon suna.

A jikin mai asma, fatar da ta lulluɓe cikin hanyar iska ce ke fara kururuwa. Sai ta saki IL-33 da TSLP, wato gangami. Daga nan IL-4 ya sa a ƙera IgE, sinadarin da ke haddace wannan ƙura don ya gane ta gobe. IL-5 ya kirawo fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, su cika wurin. IL-13 kuma, wanda a ganina ya fi su ɓarna, shi ke sa majina ta yi kauri, hanyar ta riƙa tsukewa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Amma jiki yana da birki, wato saƙonni masu cewa ya isa haka. Babbansu IL-10, tare da TGF-beta. Wasu ƙwayoyin garkuwa masu aikin sulhu ne ke fitar da su. A jikin wanda ya yi atishawa ya wuce, su suka yi rinjaye. A jikin ɗayan, muryarsu ba ta kai ba.

Ku dubi masu kiwon zuma. A 2008 masu bincike a Suwizalan suka wallafa abin da suka gani a jininsu: da kakar aiki ta fara, ƙudan zuma suka yi ta harbinsu, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin garkuwarsu suka koma fitar da IL-10, kumburin harbin ya ragu. Bayan kakar ta wuce da wasu watanni, abin ya koma yadda yake. Ashe birkin ana iya koya masa kamawa, yana kuma iya mantawa.

Kan wannan hanya maganin sabar da jiki ya ginu, wanda likita Leonard Noon ya fara a Landan a 1911: a riƙa ba mutum ɗan kaɗan na abin da jikinsa ya ƙi, a hannun likita, shekara 3 zuwa 5. Akwai kuma sababbin allurai masu toshe saƙo guda, kamar mepolizumab da Amurka ta amince da shi a 2015 don ya tare IL-5. Tsadarsu dai sai mai hali.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne inhela, wato maganin shaƙa na masu asma. Shuɗin nan mai salbutamol yana buɗe hanya nan take, amma bai taɓa saƙonnin ba, kumburin na nan. Mai ɗauke da sitiroyid, maganin kumburi, shi ke rage IL-4 da IL-5 da IL-13, sannu a hankali. Shi ya sa likita ke cewa kada a ajiye shi don kawai ƙirji ya yi shiru kwana biyu.