Ƙofar da aka manna wa hoton keken guragu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani wuri ne da kunya take hana a ambace shi a gidan rediyo, wato banɗaki. Ina nufin wannan guda ɗaya da ake warewa a asibitoci da filayen jirgin sama da manyan kantuna, wanda za ka ga an manna hoton keken guragu a jikin ƙofarsa.

Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwana wani babban asibiti. A bakin banɗakin maza na tarar da wani dattijo a kan keke, ɗansa yana riƙe da keken ta baya, suna jira a gaban wannan ƙofa. Sauran ɗakuna uku da ke jere da ita a buɗe suke, ba kowa a ciki, amma babu wanda kekensa zai iya wucewa ta ƙofarsa. Daga ciki kuwa muna jiyo muryar mutum yana waya, har da dariya. Dattijon bai ce uffan ba, sai dai ya dafe cikinsa yana muskutawa. Da ƙofar ta buɗe, sai ga wani matashi lafiyayye, hannun riga a naɗe, fuska tana ɗigar ruwa, ashe har alwala ya yi. Ya ce, "Baba, yi haƙuri, ban san akwai mai jira ba." Dattijon ya ce, "Ba komai, yaro." Amma da komai, domin ƙasan ɗakin ya yi sharkaf da ruwa, sai da ɗan ya tattare wa mahaifinsa bakin riga ya ɗora masa a cinya kafin ya tura shi ciki.

Na yarda matashin nan ba mugunta ce ta kai shi ba. Ya ga ɗaki mai faɗi da tsafta ne ya shige. Abin da bai sani ba, kuma da yawanmu ba mu sani ba, shi ne kowane taku na faɗin ɗakin nan da aikinsa. Keken guragu yana buƙatar fili kusan mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Ana barin sarari a gefen masai domin mai keke ya matso dab, ya kama ƙarfen da ke jikin bango, ya ɗaga jikinsa da ƙarfin damatsansa ya koma kan mazauni. Ana sa ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, saboda idan mutum ya faɗi a bayanta a iya shiga a ɗauke shi. A wasu wuraren akwai jar igiya da ke saukowa har ƙasa, wadda idan an ja take kaɗa ƙararrawa. An bar ta tana jan ƙasa ne domin wanda ya faɗi ya kai hannu gare ta daga kwance, don haka mai shara da ya ƙulle ta sama don kada ta dame shi ya raba wani da hanyar neman agaji.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi shafarmu, mu da muke tsarki da buta. Kai da ke tafiya da ƙafa, ruwan ƙasa a takalminka zai tsaya. Mai keke kuwa da hannunsa yake murza taya, duk abin da tayar ta taka yana dawowa tafin hannunsa da hannun rigarsa. Mai sanda idan ya dogara ta a kan jiƙaƙƙen tayil, santsi ɗaya ya isa ya karya masa ƙugu. Akwai kuma 'yan'uwanmu da shan inna ya kama tun suna yara, waɗanda muke gani kullum a titunan Kano da Katsina da Maraɗi, wasu suna tafiya da hannu sanye da silifa. An tabbatar da kawar da ainihin nau'in ƙwayar cutar daga Najeriya da nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, magidanta ne, 'yan kasuwa ne, ɗalibai ne. Irin wannan bawan Allah da gwiwarsa da tufafinsa zai bi ta inda ka zubar da ruwa, kuma da tufafin nan zai yi sallar azahar. Ga masu hawa kan mazaunin masai da takalmi su tsuguna, su bar shi da laka ko su tsage shi, alhali wanda zai shigo bayansu ba shi da ikon tsugunno, dole ya zauna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu game da yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, saboda cutarwar da ke ciki. Ƙasan wannan ɗaki hanya ce ga wanda yake bi da hannu.

Doka ma ta yi magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya amfani da su. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta ce a fara sauraron mai nakasa a layi, ta kuma tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Duk da haka ku zaga tashoshin mota da kasuwanni da gidajen wanka na kuɗi, ku ƙirga nawa ne suke da ƙofar da keke zai shiga. A inda aka daure aka gina kuma, sau da yawa za ka tarar an mayar da shi ɗakin ajiyar bokitai da tsintsiya, ko an garƙame shi da kwaɗo, makullin yana aljihun wani ma'aikaci saboda oga ne yake shiga. A Ingila ma ana kulle irin waɗannan banɗakuna, amma makulli iri ɗaya ne yake buɗe dubbansu, kuma yana hannun masu buƙatar, ba sai sun roƙi kowa ba. Namu kwaɗon mai buƙatar yake hanawa.

To, lafiyayye ba zai taɓa shiga ba ke nan? Ni dai ga yadda nake gani. Idan akwai wani ɗakin a buɗe, ko jiran da za ka yi na minti biyu ne, ba ka da hujja. Idan ko'ina ya cika, ciki ya murɗa maka, kuma ba mai buƙatar a kusa, shiga ka fito da sauri, ka bar wurin a bushe. Lalura ce, kuma ba wanda zai zarge ka. Abin da ba lalura ba shi ne shiga canza kaya, ko gyara ɗaurin ɗankwali, ko amsa waya, ko alwala alhali ga wurin alwala can an tanada. Kada kuma a ce ai ba kowa a lokacin. Mai ciwon laka sau da yawa ba ya iya riƙe fitsari, daga lokacin da ya ji zuwa lokacin da zai zubo ɗan taƙi ne. Wasu nakasassun suna ƙin shan ruwa tun safe idan za su fita, a zafin watan Afrilu, don kawai ba su da tabbacin inda za su zaga.

Akwai ɗaya gefen, kuma ina roƙon a saurare shi da kyau. Kada jin wannan sharhi ya sa ka zama ɗan sandan ƙofa, kana harara duk wanda ya fito da ƙafarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa, kuma ba duka ido yake gani ba. Matar da ke fama da yoyon fitsari, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina, tana buƙatar wurin da za ta wanke jikinta ta canza ƙunzugu cikin sutura, da famfo a kusa da ita. Haka wanda aka yi wa tiyatar hanji yake yawo da jaka a ƙarƙashin riga, da mai sikila da ƙashinsa ke sara, da tsohuwar da gwiwa ta hana tsugunno, da mai tsohon ciki. Babu ɗayansu da ya kamata a tsayar a bakin banɗaki a ce sai ya bayyana ciwonsa.

Idan ka ga mai keke yana kokawa da ƙofa, tambaye shi tukuna, "Malam, in taimaka?" Kada ka cafki keken ka hau turawa, domin keken nan kamar ƙafarsa ne. Idan makaho ne, gaya masa da baki inda buta take da inda famfo yake, ka ja baya.

Ga shugabannin asibitoci da kwamitocin masallatai da shugabannin tasha da kasuwa da ke jin mu a yanzu, muna roƙon gobe da safe ku taka da kanku ku duba. A fitar da bokitan, a cire kwaɗon, a kwance igiyar ta sauko ƙasa, a ajiye abin goge ruwa a bakin ƙofa. Inda babu ɗakin kwata-kwata, kafin ku kira magini, ku kira ɗaya daga cikin masu keken da ke zuwa wurinku kullum, ya shiga da kekensa ya nuna muku inda yake maƙalewa.

Wassalamu alaikum.