Intanet na gudu, murya na yankewa

Auta: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa a kan layin shago da ake mayarwa kan intanet. Wani mai shaguna a Kantin Kwari ya ce ya sa intanet mai tsada, amma kwastoma na kira sai "kana ji na? kana ji na?" Injiniya, ina gizo ke saƙar?

Injiniya: Auta, mutane sun ɗauka ƙarfin intanet ne maganin komai. Murya ba ta da ci. Cikin tsare-tsaren da ke mayar da murya data, G.711 kilobit 64 yake buƙata a sakan ɗaya, G.729 kuwa 8 kacal. Abin da murya ba ta yafewa shi ne latti.

Hajiya: Yi mana dalla-dalla, don Allah.

Injiniya: Ayyuka biyu ne, Hajiya. Wani tsari da ake kira SIP ke nemo wanda kika kira, ya sa wayarsa ƙara, ya kashe idan an gama. Tun 2002 ake amfani da wannan fasalin nasa. Muryar kanta wani tsarin, RTP, ke ɗauka, a gutsuttsure, yawanci kowane gutsure milisakan 20, wato guda 50 a sakan. Hanyoyin aika data a intanet kuma biyu ne, UDP da TCP; su bisa UDP suke tafiya. TCP, wanda ke kai imel, idan gutsure ya ɓata sai ya tsaya a sake turowa. UDP ba ya waiwaye.

Hajiya: To ai mai sake turowar ya fi amana.

Injiniya: Ga rasit, ƙwarai. Ga magana kuwa, gutsuren da ya makara kamar kunun buɗa-baki ne da ya iso bayan isha'i. Gara ki rasa rabin harafi, kunnenki zai cike gurbin.

Auta: Allah sarki wayar Nitel, ita ba ta san wannan ba.

Hajiya: Kai ka riske ta ma? A gidanmu kwaɗo Baba ke sa mata a jikin abin juyawar nan.

Auta: Kwaɗo kamar na ƙofa?

Hajiya: Ɗan ƙarami, makullin na aljihun jamfarsa. Yayyena suka gano ana buga lamba ta hanyar ƙwanƙwasa wurin ajiye kan wayar.

Injiniya: Gaskiya ne! Sau uku lamba uku, sau goma sifili.

Auta: Idan lambar duk tara-tara ce fa?

Hajiya: Sai yatsa ya yi tsami! Ranar da takardar kuɗi ta zo kuwa, tsakar gida ta yi tsit.

Auta: Mu da muka tashi bayan zuwan salula a 2001 sai filashin da kiran tsakar dare.

Injiniya: Mu koma Kwari. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya. Yanzu ku leƙa shagon nan: yaro ɗaya na TikTok, wani na tura hotunan atamfa ɗari ga kwastoma, kyamarar tsaro na ta loda bidiyo, duk a rawuta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet. Gutsuren murya ya bi layi a bayansu. Abin da yake buƙata a saita rawutar ta riƙa ba murya gaba, QoS ake ce masa, kuma a haɗa wayar tebur da kebul maimakon Wi-Fi. Yana damuna in ga ɗan kasuwa na ƙara kuɗin data a kan abin da saiti zai gyara.

Hajiya: Idan wuta ta ɗauke fa?

Injiniya: Layi ya mutu, sai in rawutar na kan batir ko sola. Kuma ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Dole a saita kira ya faɗa kan layin salula idan intanet ta tafi. Sai batun masu kutse da ke laluben ƙofa ta 5060, wadda SIP ke bi...

Auta: Injiniya, lokaci ya cinye mu.

Injiniya: A dai canza kalmar sirrin da ta zo da na'ura, yau ɗin nan!

Auta: Sauran sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.