Sharhi: Shirun da ke Tsakiyar Minshari

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro.

A gidajenmu na nan Jos, daga Gangare har Rikkos da Unguwar Rogo, minshari abin zolaya ne. Yara su kwaikwayi na Baba, abokan tafiya su ce ba sa haɗa ɗaki da wane. Yawancinsa kuwa ba ya wata illa. Amma akwai wani iri da nake roƙon a kasa kunne a kansa, kuma abin tsoron ba ƙarar ba ce, shirun da ke ratsa ta ne.

Mutum yana cikin jan minshari, sai ɗif, ya yi tsit. Ƙirji na ɗagawa, yana kokawar jawo iska, ba abin da ke shiga. Daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye. Can sai ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya ja numfashi, ya juya, ya ci gaba. Da safe ka tambaye shi, ya ce lafiya lau ya kwana.

Wannan shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, tsokar maƙogwaro da harshe sukan saki, su zubo su toshe hanyar iska. Iskar da jini ke buƙata ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan ƙiftawar ido don ya buɗe hanyar. Ba ya tuna komai, amma a kowane karo zuciya ta yi bugu da ƙarfi, jini ya hau. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a cikin awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya tsananta. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Da rana ma yana nuna kansa. Tashi da ciwon kai da bushewar baki, zarya zuwa fitsari cikin dare, saurin fushi, mantuwa, da gyangyaɗin da ba ya jin kunyar kowa: ana huɗubar Juma'a, ana tsakar ciniki a Farar Gada, ido sai rufewa yake. Akwai kuma hawan jinin da aka sha magani iri biyu, iri uku, ya ƙi sauka. Ya fi kama maza, da masu ƙiba da kaurin wuya, da waɗanda suka haura 50, amma mata ma suna samu, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Idan aka bar shi, yana ƙara haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne direbobinmu. Hausawa suka ce barci ɓarawo ne. Mutumin da numfashinsa ya yi ta yankewa har asuba, ya ɗauko fasinja zai gangara Hawan Kibo ya nufi Akwanga da Abuja, goro da shayi ba za su biya masa bashin barcin nan ba.

To wa zai gano ciwon? Mai shi ba ya ganin kansa. Shaidar tana wurin wanda ke kwana kusa da shi, kuma sau da yawa uwargida ce. Na san akwai nauyi da kunya, ba kowace mace ke iya duban mijinta ta ce masa barcinsa na ba ta tsoro ba. Amma Hajiya, faɗar nan kulawa ce. Ki ce, "Alhaji, numfashinka na tsayawa da dare, mu je a duba." Da izininsa ki ɗauki sauti ko bidiyo na 'yan mintuna a waya, domin zai taimaki likita ƙwarai.

A je asibiti, ko na Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Jankwano, ko wanda ya fi kusa, a faɗi komai dalla-dalla. Za a auna jini, nauyi da kaurin wuya, a leƙa hanci da maƙogwaro. Tabbacin ciwon yana zuwa ne daga gwajin barci, inda ake maƙala wa mutum na'urori su kwana suna auna numfashi, bugun zuciya da iskar jini. A tambayi likita inda za a yi shi. Kafin nan a guji ƙwayar sa barci da barasa, don suna ƙara sakin maƙogwaro, a kuma riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine.

Magani akwai. Rage ƙiba na taimakawa sosai, sannan ga na'urar CPAP da wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya ɓullo da ita a 1981, mai hura iska ta hanci ta riƙe hanyar a buɗe. Tana buƙatar lantarki duk dare, saboda haka a yi shawarar batir ko sola tun da wuri.

Yaro ma idan yana minshari kullum, yana barci baki buɗe, ko ya koma fitsarin kwance, sau da yawa kumburin tsoka ne a bayan hanci da maƙogwaro. Wannan ba aikin wanzami da cire beli ba ne, a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.