Amanar da ake ɗauka ranar ɗaurin aure

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Ɗaurin aure ba ya cin minti goma. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha. To me aka ƙulla a ɗan lokacin nan?

Amsar tana cikin huɗubar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a Arfa lokacin hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira. A gaban dubban sahabbai ya ce a ji tsoron Allah game da mata, domin da amanar Allah aka karɓe su, da kalmar Allah kuma suka halatta. Imamu Muslim ne ya ruwaito daga Jabir. Ke nan duk wanda aka ɗaura wa aure ajiya aka ba shi, kuma Mai ajiyar zai tambaye shi.

Shi ya sa a Suratun Nisa'i, aya ta 21, Allah ya kira aure alkawari mai kauri. Wurare biyu ne kawai Alƙur'ani ya sake siffanta wani alkawari haka: wanda aka riƙa daga Bani Isra'ila, da wanda aka riƙa daga annabawa.

Me ake nema a cikinsa? Suratur Rum, aya ta 21, ta ce an halitta muku mata daga jinsinku don ku samu natsuwa gare su, aka sanya soyayya da rahama a tsakaninku. Ku duba daren da wahayi ya fara sauka. Annabi ya dawo daga kogon Hira jikinsa na rawa, yana cewa a lulluɓe shi. Wajen Nana Khadija ya nufa. Ta lulluɓe shi, ta ce Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, ta lissafo masa halayensa: sada zumunci, ɗaukar nauyin mai rauni, karrama baƙo. Ga natsuwar da ayar take nufi.

Soyayya kowa ya san ta, ita ake rera wa waƙa. Rahama ce ba a cika tattaunawa a kanta ba, alhali ita ke aiki ranar da miji ya rasa abin cefane, ko mata ta kwanta jinya wata da watanni. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Annabi bai ɓoye wannan ba. Ya ce kada mumini ya ƙi mumina. In wani halinta bai yi masa ba, wani zai yi masa. Kuma ya gaya wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah yana da lada, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Abin takaici ne a kwashe wata shida ana lissafin lefe da kayan ɗaki, ba a zaunar da ango da amarya an karanta musu waɗannan hadisai ba.

Amanar nan ba ta faɗuwa ko da zama ya ƙi. Suratul Baƙara, aya ta 229, zaɓi biyu ta bayar: a riƙe da alheri, ko a rabu da kyautatawa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin kwananta suna wuyan miji, kuma ayar da kanta ta faɗi hikimar: wataƙila Allah ya kawo wani al'amari bayan haka. Yau kuwa sau da yawa takarda ake miƙa wa mace, kafin magariba ta isa gidan iyayenta.