Farashin jirgin ruwan nan da ke yawo, na kai ɗaya ne ba na ɗaki ba

Assalamu alaikum jama'a. Toh, wannan hoton da kuke gani a allo na san da yawanku ya shigo muku waya a satin nan, ƙaton jirgin ruwa mai kala-kala kaman an ɗora unguwa guda a kan teku, a ƙasansa an rubuta farashi an ce kwana bakwai ci da sha da komai. Wata Hajiya daga Gwarinpa har ta kira ni wai ta riga ta lissafa, ita da Alhaji da yara biyu kuɗin bai kai na hutun Dubai ba. Na ce Hajiya tsaya tukuna kar a je Zone 4 canjin dala, akwai ƙaramin rubutu a ƙasan farashin nan, shi za mu karanta yau.

Amma bari mu fara ganin jirgin. Icon of the Seas kenan na kamfanin Royal Caribbean, an ƙera shi a Turku ta ƙasar Finland, ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, wato filin ƙwallo uku a jere da ɗoriya. Hawa 20. In ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Mu da babban ruwanmu a Abuja shi ne tafkin Jabi, sai dai mu ce Masha Allah.

(a bar hoton jirgin yana fita daga tasha, babu magana)

To ga inda aka samu matsala. Mu nan mun saba da otal. Ka je Wuse 2 ko Maitama ka ce nawa ne ɗaki, a faɗa maka, ka biya, ko kai kaɗai ne ko kai da iyali kuɗin ɗaki ɗaya ne. Jirgin ruwa ba haka yake lissafi ba, lissafinsa irin na kujerar Umara ne. Duk wanda ya taɓa biyan Umara ta hannun ejan ya san maganar, ana ce maka kuɗin mutum ɗaya kaza ne in ɗakin mutum huɗu ne, kaza ne in na mutum biyu ne. To farashin da ake tallatawa na jirgi kusan kullum na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne za ku kwana a ɗakin. Ku duba nan, bari a zuƙo rubutun, kun ga layin nan siriri da ko tabarau sai an gyara, abinda yake faɗa kenan.

Mu yi misali da lamba mai sauƙi, misali ne kawai ba farashin wani jirgi ba. An rubuta dala 1,000. Kai da uwargida, 2,000 kenan tun ba a je ko'ina ba. Yara biyu in za su kwana ɗaki ɗaya da ku, akwai gado da ake saukowa da shi daga silin ko kujerar da ake warewa ta zama gado, su ma da kuɗinsu, yawanci ƙasa da naku amma ba kyauta ba sai dai in an yi garaɓasa. Kai kuma gwauro da kake murna kana cewa ni kaɗai ne ai dubu ɗayan zan biya, a'a malam, a yawancin jirage za su caje ka kuɗin gadon da ba kowa a kai, sau da yawa har ninki biyu cif. Wasu jirage suna da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya, kamfanin Norwegian ya yi suna a wannan, amma kaɗan ne kuma da wuri ake kwashe su.

Ba a gama ba. Akwai tukwicin ma'aikata, kuma wannan ba irin na ka ga dama ka miƙa wa mai gadi ɗari biyar ba ne, kullum ake rubuta shi a asusunka, kowane kai. A Royal Caribbean tun ƙarshen 2024 dala 18.50 ne a rana ga ɗaki na gama-gari, 21 ga manyan ɗakuna. Ku biyu kwana bakwai, dala 259. Da yaran biyu, 518. Ni dai ban ga laifin tukwicin ba wallahi, wanda ke gyara maka ɗaki da mai kawo maka abinci watanni suke yi ba su ga gida ba, da yawansu daga Filifins da Indiya da Indonesiya, abinda nake so kawai ka san da shi tun kana Abuja, kar sai daren ƙarshe takarda ta shigo ka fara salati. Sai intanet, shi ma saye ake yi daban. Lemon kwalba daban, ruwan gora daban, yawon da za a kai ku in jirgi ya tsaya a wani gari daban. Kuma duk da kati ɗaya ake yi, shi ne makullin ɗakinka shi ne walat ɗinka, ba ka taɓa kuɗi da hannu shi yasa ba ka jin zafin fitarsu. In ka ba yaro ɗan shekara goma sha biyu katin nan ba ka sa masa iyaka ba, toh, Allah ya ba da haƙuri.

Kuma farashin nan mafi ƙanƙanta da ke jikin talla, na wane ɗaki ne? Ga shi nan. Ɗakin ciki, ba taga ko ɗaya. Gado, banɗaki, ɗan teburi, talabijin, tsaf-tsaf ba laifi, girmansa dai wanda ya taɓa zaman ɗaki ɗaya da bayi a Kubwa ba zai ji baƙunta ba. In ka kashe wuta duhu ne ɗulum, ba ka san asuba ta yi ba sai da ƙararrawar waya. Na sama da shi mai taga ne amma tagar ba ta buɗuwa. Sai mai baranda, wanda shi ne kowa ke gani a bidiyo yana shan shayi yana kallon teku. Sai manyan masu falo. A Icon har akwai wani gida mai hawa uku a cikin jirgin da sulluɓewar yara a cikinsa, wannan kam kar ma mu ɓata lokaci.

Shawarata a ɗaki gajeriya ce. In kana da saurin jiri, nemi tsakiyar jirgi a hawan ƙasa-ƙasa, can tangaɗi ya fi sauƙi, gaba da can sama su suka fi jijjiga. Ka duba taswirar jirgin ka ga me ke saman ɗakinka, in wurin kiɗa ne ko kicin ka canza. In kuma ka ga mai baranda ya yi araha fiye da 'yan uwansa, duba da kyau, wataƙila kwalekwalen ceto ne ya tare maka rabin tekun.

Yanzu ku kalli wannan ɗayan. Ƙarami ne ko? Ba sulluɓewa ba hayaniya. Seven Seas Splendor kenan na kamfanin Regent, fasinja wajen 750 kacal, kashi ɗaya cikin goma na wancan, kuma a harkar nan irin wannan ne ake kira jirgin alfarma, wancan ƙaton na kowa da kowa ne duk da kyansa. Anan kowane ɗaki mai baranda ne, babu ɗakin ciki sam. A jiragen kamfanin Silversea kuma kowane ɗaki da hadiminsa, mai kwance maka akwati ya jera kaya ya kawo maka abinci har ɗaki. In ka ga farashinsu sai ka ja da baya, amma a Regent kuɗin ya haɗa tukwici, intanet, duk gidajen abincin da ke ciki, abin sha, har da yawancin yawon da ake fita a garuruwa. Kenan ba daidai ba ne ka ajiye lambar wancan kusa da lambar wannan ka ce ga mai araha, sai ka tara duk ƙarin da muka lissafa a kan na farkon sannan ka gwada. Har yanzu na alfarman zai fi tsada, ba na musu, amma tazarar tana raguwa, musamman in dama babban ɗaki ka yi niyyar kamawa a ƙaton.

Sai dai akwai wani abu da masu tallan ba za su faɗa maka ba don ba da mu suke lissafi ba. Wani kaso na abinda aka haɗa a farashin jiragen alfarman nan giya ce, ko'ina ana zuba ta ba a tambayar kati. Kai da iyakarka shayi da lemo, ka biya kuɗin abinda ba za ka taɓa ba kenan, Bature na teburin kusa yana shanye rabonka yana maka murmushi. Shi yasa ni a ganina, ga irinmu, jirgin da ake biyan abin sha daban wani lokacin ya fi adalci.

Akwai kuma tsaka-tsaki, ƙaton jirgi amma an keɓe wani sashe da ƙofarsa da gidan abincinsa da wurin wankansa, kamfanin MSC suna kiran nasu Yacht Club, Norwegian kuma The Haven. Kaman dai rukunin gidaje mai get a tsakiyar Nyanya.

Abinci. Anan hotuna sun fi ni iya magana, ku dai kalla.

(teburan bufe, a tafi a hankali)

A manyan jirage babban ɗakin cin abinci da bufe suna cikin kuɗinka, ka ci iya cinka, ka ce a ƙaro ba mai harararka. Gidajen abinci na musamman, na gasasshen nama ko na Japan, su ake biya daban. A Queen Mary 2 ta kamfanin Cunard, wadda ke tsallaka Atlantika tsakanin Southampton a Ingila da New York cikin dare bakwai, tsarin ma wani iri ne, ɗakin da ka kama shi ke yanke inda za ka ci abincin dare. Masu ɗakin gama-gari a ɗakin cin abinci mai suna Britannia za su ci, na sama da su Princess Grill, manya Queens Grill, kuma ba ka tsallakawa don kawai ka ji ƙamshi. To ka ga a can in kana zaɓen ɗaki, teburi ma kake zaɓa.

Maganar halal kuwa kar ka bari sai ka hau. Ka rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya ka tambaya a rubuce, don jirgi a tasha yake loda kayan abincinsa, ba kasuwar da za a aika yaro a tsakiyar teku. Kifi da kayan lambu da shinkafa ba sa yankewa, amma ka riƙa tambayar miya da kayan zaƙi ko an sa giya a ciki, suna yawan yi. Ɗan yajinka a gwangwani zai taimake ka sosai don abincinsu salam yake a bakinmu. Kilishi kam in ta Amurka za ka bi ka bar shi a gida, kwastam ɗinsu ba sa wasa da nama.

Nishaɗi zan bi da gudu don ga shi kuna gani. A Icon sulluɓewar ruwa shida, wuraren ninƙaya bakwai, filin ƙanƙara da ake wasa a kai, masu alkafura daga sama zuwa cikin ruwa a ƙarƙashin wata ƙatuwar ƙubbar gilashi, kuma yawancin wasannin nan suna cikin kuɗinka, kujera kawai za ka kama da wuri ta manhajarsu. Mai yara, nan ne wurinka, ba tantama. A ƙananan na alfarma kuwa ɗan kiɗan piyano ne da lacca a kan garin da za a sauka gobe, ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya kwanta, yaro zai ƙosa tun rana ta biyu, amma jiragen suna shiga ƙananan tashoshin da ƙaton ba zai iya kusanta ba. Queen Mary 2 tana da laburare babba da ɗakin kallon taurari, har da wurin ajiye karnuka, da daren da dole sai da shigar alfarma. Na daɗe ina tunanin babbar riga 'yar Kano ta sha aiki da hula zanna a daren nan, wa zai kalli mai kwat.

Gidan caca kuma kusan duk manyan jiragen suna da shi, galibi a rufe in ana tasha, a buɗe da zarar an yi nisa cikin teku, kuma sau da yawa a tsakiyar hanya aka dasa shi yanda sai ka ratsa ta ciki.

Wanda duk wannan ya dame shi, ga wani. Jirgin Aroya, na Saudiyya, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024 yana zaga Bahar Maliya. Tsohon jirgin World Dream ne aka saya aka gyara. Ba giya, ba caca, abinci halal, da wuraren sallah a ciki. Amma shi ma ka karanta ƙaramin rubutun, kai ɗaya ne ko ɗaki, me aka haɗa me aka bari.

Hajiyar Gwarinpa dai mun sake zama mun yi lissafin da biro, kai huɗu, tukwici, intanet na waya biyu, tikitin jirgin sama daga Abuja zuwa inda jirgin ruwan zai tashi, otal na dare ɗaya kafin ranar don in jirgin samanka ya makara na ruwa ba ya jiran kowa, sannan biza, wadda da fasfo ɗinmu sai ka duba ta kowace ƙasar da za a tsaya ba ta farkon kaɗai ba. Ta yi shiru ta kalli takardar, sannan ta ce in turo mata na Jiddan ta nuna wa Alhaji.